JARINKA SHI NE GONARKA: KADA A CI IRI

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu na Tudun Hatsi ya gabatar a wajen taron ƙungiya na shekara. Mun kawo shi kamar yadda ya faɗe shi, saboda 'yan uwan da ba su samu halarta ba.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu lafiya, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Shugaban taro, malamanmu, iyayenmu dattawa, iyaye mata da ke zaune a can baya, da samarinmu, ina yi wa kowa barka da zuwa. Da aka ce ni zan yi magana a kan sha'anin kuɗi, sai da na yi dariya, na ce ga ma'aikatan banki a cikinmu, ga malaman makaranta, me ya kawo mai awon masara? Sai shugaba ya ce ai shi ya sa, wanda ya taɓa karyewa ya tashi ake nema. To, na karɓa. Ni dai karatuna na allo ne da Islamiyya, lissafina kuwa a bakin buhu na koye shi. In na yi daidai daga Allah ne, in na yi kuskure malamai suna nan su gyara mini.

MU SU WANE NE A GARIN NAN?

Kafin a taɓa maganar kuɗi, bari mu tuna yadda aka yi muka zo nan. Garin Gombe da muke zaune a ciki, a 1919 aka dawo da hedikwatar masarauta cikinsa, a nan Doma. Auduga da gyaɗa da hatsi suka raya shi, har yau ga unguwar BCGA nan tana ɗauke da sunan kamfanin gurzar auduga. Jirgin ƙasa ya iso a 1963, sannan a ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire Jihar Gombe daga cikin Jihar Bauchi, garin ya zama babban birni. Duk lokacin da ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, sai wani ayarin mutanenmu ya taso, daga Kano, daga Katsina, daga Zazzau, daga Sakkwato, daga Haɗeja. Fulani da Terawa da Bolawa da sauran masu gari suka karɓe mu hannu biyu, muka yi auratayya, muka hayayyafa. Allah ya saka musu da alheri.

Amma akwai wani abu da ya kamata kowannenmu ya riƙe. Yawancinmu ba mu da gonar gado a nan. Wanda yake garinsu, in kasuwa ta juya masa baya, yana da inda zai kai fartanya, yana da rumbun babansa. Mu kuwa, jarin nan da ke hannunmu shi ne gonarmu, shi ne rumbunmu. Kuma kowa ya san dokar manomi: ko yunwa ta kai yaya, ba a cin iri. Wanda ya dafa irinsa ya ƙoshi yau, amma damina za ta zo ta same shi yana kallon gonar mutane. Maganata ta yau ke nan gaba ɗaya. Sauran duk bayani ne a kan yadda ake cin iri ba a sani ba, da yadda za a kauce wa hakan.

YADDA NA CI NAWA IRIN

Na zo Gombe a 1988, ina ɗan shekara 17, wajen kawuna a Tudun Hatsi. Na yi masa shekara shida ina ɗinkin baki da awo. A 1994 ya sallame ni da buhun masara 30, ya ce ga jarinka nan, Allah ya sa albarka.

A shekarar 1995 kaya suka yi ta tashi kamar ba za su tsaya ba, hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 70 cikin 100. Ni kuwa yaro, murna nake yi. Duk buhun da na sayar, sai in ga riba mai kauri a kan yadda na saro shi. Sai in ware uwar kuɗi, in ce wannan ragowar tawa ce. Na ɗinka shaddoji, na sayi rediyo mai kaset biyu, na je gida da sallah na yi rabo kamar ɗan sarki. Da kaka ta zo na ɗauki uwar kuɗina cif, ko kwabo bai ɓace ba, na shiga kasuwa zan yi sari. Jama'a, buhu 19 ta saya mini.

Na koma wajen kawu ina cewa an yi mini asiri. Ya ce in zauna. Ya ce, "Buhu nawa na ba ka?" Na ce 30. "Yanzu nawa gare ka?" Na ce 19. Ya ce, "To buhu 11 suna jikinka, ga su nan ka sa, ga ɗaya can yana waƙa a ɗaki. Ni masara na ba ka, kai kuma ka koma kana ƙirga takarda."

Tun daga ranar ban ƙara ƙirga jarina da naira ba. Da buhu nake ƙirgawa. Mai yadi ya ƙirga da bandir, mai tireda ya ƙirga da katan, mai dabbobi a Tike ya ƙirga da kai. Dalili kuwa, naira ba ta tsayuwa wuri ɗaya. Lokacin da aka fito da ita a ranar 1 ga Janairu 1973, naira biyu ita ce fam ɗaya, kuma takarda mafi girma ita ce naira 10. Aka yi 20 mai hoton Murtala a 1977, aka yi 50 a 1991, 100 a 1999, 200 a 2000, 500 a 2001, har 1,000 a 2005. Yau ka ba yaro dubun nan ka ce ya sayo maka mudun shinkafa, ka ga irin kallon da zai yi maka. Tun daga shirin SAP na 1986 muke ganin wannan, aka zo 2023 aka cire tallafin man fetur a watan Mayu, aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yuni, kafin ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta kusa kai kashi 35 cikin 100. Wato abin da ya same ni a 1995, shi ya sami samarinmu da yawa a waɗannan shekaru. Riba ta gaskiya ita ce abin da ya rage bayan ka mayar da kayan da ka sayar a gurbinsu, a kan farashin yau.

BARI MU YI LISSAFI TARE

Wanda yake da biro ya fito da shi. A ce ga mai shago, cinikinsa na wata ya kama naira 900,000. Kayan da ya sayar ɗin nan, ya saro su a kan 765,000. Saura nawa? 135,000. A nan ne yawancinmu muke tsayawa, mu ce alhamdu lillahi, wannan wata na samu dubu 135. To ba a gama ba.

Hayar shago dubu 120 ce a shekara, wato dubu 10 a wata, ko da kuwa mai shago bai zo karɓa ba tukuna. Kuɗin mota da 'yan dako dubu 15. Yaron shago dubu 15. Haraji da wuta da mai gadi dubu 5. An tashi dubu 45 ke nan. Cire su, saura dubu 90.

Har yanzu da saura. Da ya koma sari, sai ya tarar kayan sun ƙara kashi 3 cikin 100. A kan 765,000, wannan ya kusa dubu 23. Dole ya cika ta daga cikin ribar, in ba haka ba shago ya ragu. Abin da ya rage masa na halak malak shi ne dubu 67. Ku duba fa, bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba. Amma wannan bawan Allah yana tafiyar da gidansa a kan shi mai samun dubu 135 ne. Kowane wata yana cin dubu 68 daga cikin iri, yana kuma mamakin yadda kantocin shago suke yin fili.

Saboda haka shawarata ta farko, ɗan kasuwa ya yanka wa kansa albashi. Eh, albashi, kamar ma'aikaci. Ka san abin da shago zai iya ba ka a wata ko a mako, ka ɗauke shi lokaci guda, ka rufe aljihun tebur. Aljihun tebur na shago ne. Kayan shago ma in za a kai gida, a rubuta, a biya. Mudun wake da aka ɗiba "don yara" sau goma a wata, rabin buhu ne kafin watanni kaɗan.

Wani zai ce, Alhaji, dubu 67 ina za ta kai ni da mata da yara shida? Gaskiya ne, da wuya ta kai. Amma gara ka san ba ta kaiwa tun shago yana da rai, ka nemi abin yi: ko a rage wata hidima, ko a ƙara wata sana'a, ko uwargida ta kama tata, ko babban yaro ya fara kawo nasa. Wanda bai yi lissafi ba, ranar da zai sani ita ce ranar da mai haya zai sa wa shago kwaɗo.

KOWANE KUƊI DA GIDANSA

In ka ɗauki albashin naka, ko na shago ne ko na gwamnati, kada ka zuba shi a aljihu ɗaya. Kuɗin da ke aljihu ɗaya, wanda ya fara sallama shi yake tafiya da shi. Iyayenmu mata sun fi mu sanin wannan. Ka duba tsohuwa, na gishiri yana ƙulle a wannan bakin zane, na biki yana cikin kwalla, na ko-ta-kwana yana inda ba wanda ya sani.

Ni gida huɗu nake yi wa nawa. Na farko cefane, har da ruwa da wuta da itace ko gawayi. Na biyu makaranta da magani da haya. Na uku zumunci. Na huɗu ajiya, wadda ba a taɓa ta sai abin da ya kai a tashi mutum daga barci. A misalinmu na dubu 67, sai ka ce 40 cefane, 10 makaranta da magani, 7 zumunci, 10 ajiya. Kowa zai gyara daidai gidansa, daidai ruwa daidai tsaki. Abin da nake roƙo kawai, a fara cire ta ajiya kafin komai, ko da naira 200 ce a rana. In ka ce sai abin da ya rage za ka ajiye, wallahi ba abin da zai rage.

Akwai kuma hidimomin da muke yi kamar sun zo mana ba zato, alhali da ranarsu. Azumi ba ya zuwa a ɓoye. Kayan sallah, ragon layya, kuɗin makaranta na kowane zango, haya ta shekara, duk an san lokacinsu. Matarka tana da ciki, wata tara Allah ya ba ka na shirin ragon suna. In hayar gidanka dubu 180 ce, to dubu 15 ce a wata, ka riƙa ware ta tun daga watan da ka biya ta bara. Kun san labarin Annabi Yusufu, alaihis salam, yadda ya shirya wa shekaru bakwai na fari tun a cikin shekaru bakwai na yalwa, har da dabarar barin hatsi a zangarniyarsa don kada ya lalace. Annabin Allah ne, ya fi mu tawakkali nesa ba kusa ba, amma ya yi tanadi.

Sannan a kula da ɗigon da ba a gani. Naira 500 a rana ba ta da girma a ido: ta data, ta lemon kwalba, ta cajin masu na'urar cire kuɗi a bakin titi. Amma a wata dubu 15 ce, a shekara 182,500. Da yayyafi kogi kan cika, da yoyo kuma randa take ƙarewa. Samarinmu, zan faɗa muku a gaban iyayenku: cacar ƙwallo da ake yi a waya caca ce, ko da wane suna aka kira ta. Haramun ce, kuma ban taɓa ganin wanda ya gina gida da ita ba, sai dai mai kamfanin.

ZUMUNCI DA GIDA

Yanzu na zo inda ya fi yi mana ciwo, mu mazauna. Duk wanda ya bar garinsu, mutanen gida suna ganin ya samu. Waya ba ta hutawa: rufin ɗakin inna ya yaye, ƙanwa za ta yi aure, taki ya yi tsada, ɗan wane yana asibiti. Ga baƙi, mota ta sauke su a tasha, gidanka ne masauki. Wannan duk alheri ne, kuma da shi muka tashi. Ni kaina da kawu bai buɗe mini ƙofa ba, da ban tsaya a gabanku yau ba. Haƙƙin iyaye kuwa ba a ma sa shi cikin ciniki.

Abin da nake jan hankali a kai guda biyu ne. Na ɗaya, a yi wa zumunci kasonsa sananne. Iyaye a yanka musu abin da za su riƙa samu duk wata ba sai sun tambaya ba, ko buhun hatsi duk kaka. Wannan ya fi musu daraja a kan su yi ta kira kana cewa sai an kwana biyu. Sauran 'yan uwa kuma, in kason wata ya ƙare, ka faɗi gaskiya da baki mai daɗi: wannan watan ba hali, amma in Allah ya kai mu wata mai zuwa kana ciki. Wanda ya ji haushi yau zai huce. In ka karye kuwa, kai da su duka kun rasa, don da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na biyu, mu rabu da ƙarya. Da yawa daga cikin abin da muke kira zumunci, neman suna ne. Mutum ya ci bashi ya ɗinka shadda mai tsada, ya ari mota, ya je gida da sallah don a ce wane ya yi kuɗi a Gombe. Ya dawo ya shekara yana biya. Kuma shi da kansa ya ƙara wa kansa masu kira, tunda ya nuna musu abin da ba shi da shi. Haka lefe, haka kayan ɗaki, haka walima. Iyaye mata, ku gafarce ni, an sha sayar da fili don a cika ɗakin yarinya da kayan da ba za ta taɓa girki da su ba, don kawai kada a ce na 'yar maƙwabta ya fi. Da an rage rabi an ba ta keken ɗinki ko injin markaɗe, da ya fi yi mata rana. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.

BASHI

An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma kasuwa ba ta tafiya sai da shi. Amma malamai sun karantar da mu cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wato aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mu kuma sai mu ce kunya, wai yaya zan ce ɗan uwana ya sa hannu. Shin mun fi sahabbai amana ne?

Na ga abin da rashin rubutu ya yi. Wani maƙwabcina a kasuwa, mutumin kirki, ya yi shekara fiye da 30 a garin nan, duk lissafinsa a ka yake. Ya kwanta ciwo kwana uku, Allah ya karɓi abinsa. Waɗanda suke binsa duk suka zo, kowa da adadinsa. Waɗanda yake bi kuwa, mutum biyu ne kacal suka kawo kansu. 'Yan uwansa suka zo daga gida rabon gado, ba su san kowa ba a nan, matarsa ba ta san komai ba a kan shago. Mutumin da muka san yana da rufin asiri, sai da ƙungiyar nan ta yi karo-karo aka mayar da marayunsa makaranta. Wannan ba ya faruwa da mai gari kamar yadda yake faruwa da baƙo, don shi danginsa suna kusa, sun san abokan hulɗarsa.

Don haka kowa ya sayi littafi. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Shafi ɗaya na waɗanda kake bi, ɗaya na masu binka, da kwanan wata, da shaida in kuɗin yana da yawa. Kuma mutum ɗaya amintacce a gidanka ya san inda littafin yake, ko matarka ko babban ɗanka. Ku tuna an kawo gawar wani sahabi, Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya dakata da yi masa salla saboda bashin da ke kansa, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Abin ba na wasa ba ne.

In za ka ci bashi, ka tambayi kanka: wannan kuɗin zai haifi abin da zai biya kansa, ko cinye shi za a yi? Bashin sari daban, bashin biki daban. Bashi da ruwa kuwa, har da wanda ake tallarsa a waya ana cewa cikin minti biyar kuɗi zai shigo, mu nisance shi. In kuma kai ne mai bayarwa, ka sa wa shago iyaka. Kada kayan da ke hannun mutane su fi waɗanda ke kan kanta yawa.

INA ZA A AJIYE?

Ba wuri ɗaya ba. Dattawa sun ga canjin kuɗi na 1984, mu kuma mun ga na farkon 2023, lokacin da aka sauya takardun 200 da 500 da 1,000. Mai kuɗi a banki ya kwana a layi bai samu na cefane ba, mai tsofaffin takardu a gida ya rasa mai karɓa, har sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a watan Maris na shekarar cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. Wanda ya sha sauƙi shi ne mai kaɗan a hannu, kaɗan a banki, da hatsi a ɗaki.

Adashi yana da amfani, don yana tilasta wa mutum tarawa. Sai dai a san uwar adashi, a san 'yan zubi, a rubuta, kuma kada ya yi tsawo, saboda mai ɗaukar ƙarshe kuɗinsa sun riga sun rage daraja. Banki kuma, ga wanda yake gudun ruwa, yanzu akwai waɗanda ba sa mu'amala da shi, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ a 2019. Ku sani kuma akwai hukumar inshorar ajiya, NDIC, wadda daga 2024 take lamunce wa mai ajiya har naira miliyan 5 in bankin kasuwanci ya rushe. Wanda ya tuna bankuna 26 da aka rufe a 1998 ya san amfanin wannan. Amma wurin da ba shi da lasisi, ba mai lamunce maka ko sisi.

Shi ya kawo ni kan masu cewa kawo dubu 100 ka karɓi 130 bayan wata ɗaya. MMM ta tafi da kuɗin jama'a a ƙarshen 2016, CBEX ta maimaita a watan Afrilu 2025, gobe wata za ta zo da sabon suna, wataƙila har da sallama da ambaton Allah. Tambaya ɗaya za ka yi: me ake saya, me ake sayarwa, a wace kasuwa? Mu da muke kwana a kasuwa mun san ba sana'ar da take ba da wannan riba kowane wata ba faɗuwa. Kuɗin na baya ake ba na gaba, ranar da sababbi suka daina shigowa sai a rufe ƙofa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ajiya mai tsawo, gara a mayar da ita kadara: tunkiya, saniya, fili. Waɗanda suka sayi fili a gefen gari kafin 1996, irin su Tumfure, sun ga amfaninsa, balle da 'yan uwanmu na Borno da Yobe suka yi ta ƙaura zuwa nan saboda rikici, haya ta tashi. Sai dai a binciki takarda, a tambayi mai unguwa, a kuma je a ga filin da damina, don kun san yadda kwari yake cin ƙasa a garin nan. Hatsi ma ajiya ce, amma ba ta da tabbas. Waɗanda suka zuba duk abin da suka mallaka, har da na bashi, suka ɓoye masara a kakar 2024 suna jiran ta ninka, sun ga yadda farashi ya faɗo a 2025. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

ZUCIYA ITA CE BABBAN ASUSU

Kada wani ya tashi daga nan ya ce Alhaji ya ce a yi rowa. Tattali daban, rowa daban. Marowaci yana da shi, iyalinsa suna kwana da yunwa. Mai tattali kuwa yana auna yau ne don gobe ma a ci. Addininmu ya hore mu da tsakaitawa, ya zargi mai almubazzaranci, ya zargi mai ƙunƙuntawa. Neman halak kuma ba abin kunya ba ne. Abdurrahman ɗan Aufu ya isa Madina baƙo kamar mu, ba shi da komai, aka yi masa tayin rabin dukiya, ya yi godiya ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa.

Zakka ma tana koya mana lissafi. A mazhabarmu ta Malikiyya, ɗan kasuwa mai juya kaya yana da wata guda a shekara da zai yi wa kayansa kuɗi, ya haɗa da tsabar da ke hannu da bashin da yake sa ran karɓa, ya duba wanda ake binsa, in abin ya kai nisabi, wato kimanin giram 85 na zinariya, ya fitar da ɗaya cikin 40. A miliyan ɗaya, dubu 25 ke nan. Bayanin dalla-dalla yana wajen malamai. Ni abin da na lura da shi, wanda bai san jarinsa ba, ba zai san zakkarsa ba. Ka ga rashin lissafi ya taɓa har addini.

Daga ƙarshe, arziki na Allah ne, yana ba wanda ya so. Wani zai yi duk abin da na faɗa, gobara ko ciwo su zo su share. Wannan jarrabawa ce, kuma saboda irinta muka kafa ƙungiya. Amma a bar ɗora wa ƙaddara abin da hannunmu ya yi, kamar yadda na ɗora wa asiri buhuna 11. Kuma a bar auna kai da na wani. Ba ka san abin da ke ƙarƙashin babbar rigar maƙwabcinka ba, wataƙila shi ma kai yake kallo. Mutumin da ya kwanta ba mai binsa, yaransa sun ci, jarinsa yana nan yadda yake, wallahi mai arziki ne ko da a gidan haya yake.

Ina roƙon abu uku kafin mu sake haɗuwa. Kowa ya sayi littafi a makon nan, ya rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita har kwana 30, ba tare da ya ɓoye wa kansa komai ba. Kowa ya ƙirga jarinsa da kaya, ya rubuta adadin, mu ga ko baɗi zai ƙaru ko zai ragu. Sannan ina ba shugabanni shawara, a samu mutum biyu ko uku cikin masu ilmin lissafi da ke cikinmu, su riƙa zama da duk mai so, a asirce, su taya shi duba littafinsa. Ni ma in an ga zan yi amfani, shagona a buɗe yake bayan la'asar.

Allah ya sa albarka a cikin nemanmu, ya ba mu na halak mai amfani, ya biya wa masu bashi bashinsu, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu. Allah ya zaunar da Gombe lafiya, da Nijeriya baki ɗaya. Wanda na ɓata wa rai a cikin maganata ya yafe mini.